Jan Biro da Rumbunan Kawuna

Shekarun baya, a daminar da sojoji suke shirin miƙa mulki ga farar hula, na yi aikin rubuta jawabin siyasa na tsawon wata huɗu ko biyar. Ya kamata in faɗa tun yanzu cewa an daɗe, kuma kaina ba kamar da ba ne. Mai yiwuwa in sa Talata inda Laraba take, ko in ɗora wa wani maganar da wani ne ya yi ta. Amma gundarin abin ban manta shi ba, ko da yake na sha so in manta.

Lokacin na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, an tura ni koyarwa a Gaya. Ni mutumin Toranke ne, a ƙasar Ajingi. Mahaifina ya rasu tun ban iya riƙe fartanya ba, saboda haka kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya ɗauke mu ni da ita ya ba mu sashe a gidansa. Shi ya kai ni makarantar boko da hannunsa, a zamanin da wasu suke ɓoye 'ya'yansu idan an zo ɗaukar yara. Mutum ne marar yawan magana, kuma yana da rumbu huɗu. Wanda ya tashi a birni ba zai gane nauyin wannan ba. A wurinmu ba a tambayar mutum abin da ya mallaka, rumbunansa ake ƙirgawa da ido idan an zo wucewa. Na kawu a jere suke ta bayan danga, duk mai tafiya kasuwar Ajingi yana ganinsu, kuma a duk garin babu wani mai huɗu sai shi. Da na karɓi albashina na farko, rediyo na saya masa. Tun daga nan ƙofar gidansa ta zama wurin zaman dattawa bayan la'asar.

Wani abokina, wanda muka yi sakandare tare, shi ya jawo ni cikin siyasa. Ya kai ni wurin wani ɗan kasuwar fata, wanda zan kira maigidana, domin haka muke kiransa. Shi ne yake magana da yawun ɗan takararmu na shugaban ƙasa a ɓangarenmu. Allah ya ba shi murya, ko ba lasifika ana jinsa daga wannan ƙarshen kasuwa zuwa wancan, sai dai idan ya hau magana ba ya sanin inda zai sauka. Aikina shi ne in rubuta masa abin da zai faɗa, kuma in riƙa aika wa ofishin jam'iyya a Kano 'yan bayanai kan halin manoma, don masu tsara jawabin ɗan takara su tsinci abin da suke so. A ɓoye nake yi, domin ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma ina tsoron shugaban makarantarmu kamar me.

Matsalata ɗaya ce, kuma har yau ban rabu da ita ba. Ba na iya rubuta magana kai tsaye. Idan wani zai ce za mu kawo taki, ni sai in rubuta cewa akwai yiwuwar a duba hanyoyin da wataƙila za su sauƙaƙa samun taki. Ranar farko da maigidana ya karanta rubutuna, ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam, wannan jawabi ne ko neman gafara?"

"Ranka ya daɗe, gudu nake kada a kama mu da alkawarin da ba mu cika ba."

"Mu ci zaɓen tukuna, sannan a kama mu."

Daga ranar abokina ya sa mini suna Malam Mai-yiwuwa, sunan kuma ya bi ni har ofishin Kano.

Da yake maigidana ba ya son dogon karatu, kuma idan ya ɗauki zafi idonsa ba ya tsayawa kan layi, sai na ƙirƙiro mana wata dabara. Na sayi jan biro. Duk maganar da ba na so ta kuɓuce masa, sai in ja mata jan layi a ƙasa. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ko ka bar komai, kada ka bar inda ka ga ja. Inda ka ga ja, ɗaga murya." Dabarar ta yi aiki sosai. Ina alfahari da ita, har na taɓa rubuta wa ofishin Kano shawarar su yi koyi da mu.

Ana cikin haka aka ce gidan rediyo zai haɗa muhawara da Hausa tsakanin masu magana da yawun 'yan takara, a kan noma. Maigidana aka zaɓa daga ɓangarenmu. Ya kira ni ya ce, "Je ka gida ka kwana biyu. Kada ka kawo mini abin littafi. Ka kawo mini abin da ke ci wa mutane rai."

Na tafi Toranke. Damina ta kankama, gero ya kai gwiwa, lokacin da abincin bara ya ƙare na bana bai iso ba. Shekarun da suka wuce an sha fari, bayansa kuma cuta ta kama gyaɗa har mutane da yawa suka daina shuka ta. Na zagaya da ɗan littafina ina tambaya, kowa yana ce mini, "Alhamdu lillahi, Malam, sai godiya." Kwana biyu ban cika shafi ɗaya ba.

Ran kasuwar Ajingi kawu ya tafi da sassafe. Da hantsi iska ta taso ta ture jinkar rumbu ɗaya, ga hadari yana haɗuwa. Tun ina yaro kawu ba ya barin kowa ya hau rumbunsa, shi yake hawa da kansa ya fito da damin da za a sussuka. Amma na ga ruwa zai shiga, sai na jingina tsani na hau. Da na leƙa, sai na ga ƙasan rumbun. Ban taɓa ganin ƙasan rumbun kawu ba a rayuwata. An share shi tas, ko zangarniya ɗaya babu. Ban san abin da ya sa ba, na ja tsani zuwa na biyu. Haka. Na uku, haka. A na huɗu ne na ga 'yan dammuna da ba su kai goma ba, ɗaurinsu ma ba iri ɗaya ba. Na tuna cewa a kwana biyun nan na ga kawu ya hau rumbu na farko da safe, ya daɗe yana leƙe kamar mai zaɓen dami, sannan ya gyara murfi ya sauko.

Na ɗaure jinkar, na mayar da tsani inda yake, na share sawunsa da ƙafa. Ban gaya wa mahaifiyata ba. Da zan koma Gaya na tsaya a ƙofar gida na ce wa dattawa, "Ran Lahadi ta sama, bayan la'asar, ku kama rediyo. Maganar da za ku ji, da hannuna a ciki." Kawu ya ce, "To, ɗan boko, za mu ji." Haka yake kirana tun ina firamare.

A Gaya muka shiga gwaji. Wani shago ne aka kwashe kayan ciki, aka sa tebur da benci biyu da tafireta. Tsarin shi ne, maigidana ya tsaya nan, abokina ya tsaya can a matsayin abokin hamayya, ni kuma in riƙe agogo. Abokina ya ɗauki aikin da gaske. Ya aro babbar riga, ya karkata hula, yana maƙale murya.

Maigidana ya karanta abin da na rubuta: "Akwai alamun cewa a wasu ƙauyuka, mai yiwuwa wasu manoma ba su da isasshen abin da zai kai su kaka."

Abokina ya yi hamma da ƙarfi. "Jama'a, ku tashe ni idan ya gama."

Maigidana ya jefar da takardar kan tebur. "Malam, kwana biyu ka yi a gida, abin da ka kawo mini ke nan? Alamu? Ba ka ga mutum ba?"

A nan ne na yi kuskuren farko. An taɓa mini inda nake da rauni, wato a ce ban yi aikina da kyau ba. Na ce, "Na ga mutum." Sai na ba su labarin wani dattijo da yake hawa rumbun da babu komai a ciki kowace safiya, ya leƙa, ya gyara murfi, ya sauko, don kada maƙwabta su gane. Ban faɗi suna ba, ban faɗi gari ba, ban ce ɗan'uwana ne ba. Maigidana ya ce a hankali, "Wannan ita ce maganar. Rubuta ta haka, kada ka sa mata mai yiwuwa ko ɗaya."

Na rubuta. Na gaya wa kaina cewa tunda babu suna, babu laifi, kuma wataƙila ma ta sa a taimaki manoma. Muka sake gwaji. Maigidana ya ba da labarin. Yana rufe baki abokina ya buga tebur.

"Ƙarya ne! Tatsuniya! Wane gari? Wa ya gani? Mu ma muna da dattijon da yake hawa rumbun zinariya, a ba mu lokaci mu kawo shi!"

Aka yi dariya, har da maigidana. Ni ban yi ba. Tsoro ne ya kama ni. Idan abokin hamayya na gaske ya faɗi haka fa? Idan ofishin Kano suka tambayi maigidana daga ina ya samo labarin, shi kuma ya ce daga wurin Malam, su kuma su ce Malam ya ƙirƙira? A jami'a an koya mana cewa ba ka faɗin abu sai kana da madogara. Saboda haka da suka fita sallah, na zauna gaban tafireta na ƙara layi biyu a ƙasan shafin. Na farko: "Wannan ba don a faɗa ba ne, don ka samu tabbaci ne kawai." Na biyu: "Toranke, ƙasar Ajingi, dattijo mai rumbu huɗu a bakin hanyar kasuwa." Na karanta na sake karantawa. Sai na ji tsoron kada ya tsallake gargaɗin. Me zan yi don kada ya tsallake? Na ɗauko jan biro na ja layi, na sake ja don ya fito sosai. Ko a ƙasan layin farko kaɗai na ja, ko hannuna ya zarce har na biyu, wannan ban sani ba, takardar ba ta dawo hannuna ba. Abin da na sani shi ne, ni da bakina na koya wa mutumin nan cewa inda ya ga ja ya ɗaga murya.

An ɗauki shirin a Kano ran Alhamis. An ce in bi su, na ƙi, saboda ina da aji kuma ina tsoron wani ya gan ni cikin motar jam'iyya. Da na je, mai yiwuwa da na roƙa an yanke wurin kafin a sa shi. Maigidana bai dawo Gaya ba, ya wuce wani taro. Abokina ya dawo yana ta murmushi, ya ce, "Mutumina, ba zan gaya maka komai ba. Ka bari ka ji da kunnenka."

Ran Lahadi muka cika shagon, wasu a tsaye har waje. Shirin ya fara. Maigidana ya yi kyau, bai kauce daga layi ba. Ya zo kan labarin dattijo, ya ba da shi yadda muka gwada. Sai na ji abokin hamayya na gaske ya yi wata 'yar dariya, ya ce, "Alhaji, wannan ai tatsuniya ce. A wane gari aka yi haka?"

Na ji ƙarar takarda a rediyo. Har yau idan wani ya juya takarda kusa da makirufo sai gabana ya faɗi.

"Tatsuniya? To buɗe kunnenka! Toranke, ƙasar Ajingi! Dattijo mai rumbu huɗu a bakin hanyar kasuwa! Ka ɗauki motarka ka je ka leƙa!"

Shagon ya kaure da sowa. Wani ya ɗaga ni sama, wani yana dukan bayana. Abokina yana ihu a kunnena, "Ka gani? Tambayata ce ya yi, kalma da kalma! Malam Mai-yiwuwa, yau ka kashe su!" Ni kuwa abin da kawai nake gani shi ne ƙofar gidan kawu, da tabarmi, da dattawan da ni na gayyato, da rediyon da ni na saya, da kawu a tsakiya. Na ce wa abokina, "Kawuna ne." Ya ce, "Me?" Na ce, "Mai rumbu huɗun. Kawuna ne." Ya saki hannuna. Ya cire hularsa ya riƙe.

Washegari ban je makaranta ba, karo na farko tun da na fara aiki. Na hau mota zuwa Ajingi, daga nan na ari keke. A hanya ina ta shirya abin da zan faɗa, ni da sana'ata ke nan, amma kowace jimla na ɗauko sai ta watse. Ina shan kwana na hango rumbunan. Duka huɗun an cire musu jinka an jingina a ƙasa, bakinsu a buɗe yana kallon sama, a tsakiyar damina. Mutanen da na gamu da su sun amsa gaisuwata cikin ladabi, babu wanda ya zage ni, babu kuma wanda ya tambaye ni ya Gaya.

Mahaifiyata tana tsakar gida tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta ɗago ba.

"Inna, wallahi ban yi nufin..."

"Kai ka hau rumbun?"

"Jinka ce ta ture, na ga hadari..."

"Ka gani, sai ka kai rediyo."

Na ce mata na ɗauka babu wanda ya sani, kuma na so ne a ji halin da manoma suke ciki. Sai ta ajiye rariya ta dube ni, irin kallon da ake yi wa mutumin da ya yi karatu mai yawa.

"Babu wanda ya sani? Shekara biyu kaji ba su kiwo a gindin rumbunan nan ba. Wace mace ce a garin nan ba ta san rumbun da kaji suka ƙaurace wa ba? Kowa ya sani."

Ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce tun shekarar da gyaɗa ta mutu, mutane suka fara zuwa wurin kawu da dami ɗaya ko biyu. Wannan ya ce rumbunsa gara ta shiga, a ajiye masa. Wancan ya ce nasa yana yoyo. Wani ya ce 'ya'yansa sun cika ɓarna, gara hatsin ya zauna a wurin babba. Kawu ya karɓa ya ce Allah ya tsare. Babu wanda ya taɓa dawowa ya ce a ba shi ajiyarsa. Da wannan hatsi gidan yake ci, da wannan ita ma take ci. Shi ya sa na ga ɗaurin dammunan ba iri ɗaya ba, na gani da idona ban fahimci komai ba.

"Yau da asuba Yaya ya sauke abin da ya rage," in ji ta. "Ya san ɗaurin kowa. Ya bi gida gida ya mayar. Suna rantsuwa ba nasu ba ne, yana ajiyewa a ƙofa yana wucewa."

Na sami kawu a gona yana maimai. Na cire takalmi tun daga kan iyaka, na tsugunna. Ya kai ƙarshen kunya, ya juyo, ya dogara da hauya.

"Malam, sannu da zuwa."

Bai taɓa ce mini Malam ba. Na gwammace ya ɗaga hauyar ya buga mini.

"Kawu, na yi kuskure. Ba da nufin a faɗa ba ne, na rubuta ne don..."

"Ranar da ka gyara jinka ka leƙa. Na sani. Ɗaurin da ka yi na 'yan makaranta ne." Ya share gumi da bakin rigarsa. "Na jira ka tambaye ni, ba ka tambaya ba. Na ce yaron nan ya yi hankali."

Na ce masa Inna ta gaya mini maganar ajiya, kuma ina ganin tunda mutane sun riga sun sani, wataƙila abin bai kai yadda yake ɗauka ba. Ban san abin da ya kai ni faɗin haka ba. Ya yi wani ɗan murmushi.

"Kana tsammani ban san sun sani ba? Mutum ya kawo mini gero shekara biyu bai zo ɗauka ba, ni jaki ne? Na san sun sani. Su ma sun san na sani. Ina hawa rumbu, su kuma suna kau da kai. Abu ɗaya ya rage mana, ba a faɗa ba. Shi kaɗai. Yanzu wa zai iya zuwa ya ce mini gara ta shiga rumbunsa, mu dubi juna?"

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama hauya. "Je ka sha ruwa, rana ta yi. Na yafe maka, kada ka tsaya nan kana kuka mutane su gani."

Na koma Gaya na sami maigidana ya dawo. Da abokina ya gaya masa, ya dafe kai yana salati. Ya ce, "Malam, ja na gani! Kai ka ce inda na ga ja!" Ban iya musa masa ba. Ya ce zai aika da buhuna har gida, na roƙe shi da girman Allah kada ya yi, ya haƙura. Amma maganar ta riga ta fita hannunmu. Ofishin Kano sun ji daɗinta ƙwarai. Aka sa ta cikin jawaban da ake karantawa a tarukan ɗan takara, aka riƙa cewa dattijon Toranke, dattijon Toranke. Na rubuta wasiƙa har biyu ina roƙon a cire, da ladabi mai yawa da mai yiwuwa mai yawa, ina jin ba su ma gane roƙo nake ba. Amsar da na samu ita ce tayin in koma Kano in shiga cikin masu rubuta wa ɗan takara jawabi. Na mayar da tafireta, na ce aikin makaranta ya yi mini yawa. Har aka yi zaɓe, baƙi suna tsayar da keke a bakin hanyar kasuwa suna nuna rumbunan da baki.

Geron shekarar ya yi dama-dama. Da aka gama girbi, kawu, wanda bai taɓa kwana bakwai a wajen garinsu ba, ya ɗaura 'yan kayansa ya tafi ci-rani Kano, yana da shekara sittin ko fiye. Gadi ya samu a wani sito. Haka ya riƙa yi duk rani, ya dawo idan ruwa ya sauka, har ƙarfinsa ya ƙare. Rumbu uku ya bar su ruwa ya cinye, ya riƙe ɗaya. Mahaifiyata ta yarda tana karɓar abin da nake kawo mata, shi kuwa ko goro sai in na ci rabi a gabansa.

Bayan shekara biyu ko uku, da na ga kamar abin ya yi sanyi, har ya koma kirana ɗan boko, sai na yi wata dabara da nake ganin ta hankali ce. Na sayi buhun gero na kai masa. Na ce, "Kawu, gidan hayar da nake ciki akwai ɓeraye. A ajiye mini wannan." Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ajiya ce?" Na ce ajiya ce. Ya ce, "To, Allah ya tsare." Na koma Gaya ina jin kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

Wata uku bayan haka, ran kasuwa, direban motar Ajingi ya yi sallama a ƙofata. Ya sauke buhun, ɗinkin bakinsa yadda na kai shi. Ya ce, "Tsoho ya ce a gaishe ka. Ya ce ga ajiyarka, babu abin da ya taɓa ta."

Kawu ya rasu da daɗewa, muna lafiya da shi. Ya zo sunan 'ya'yana, ya ci abinci a kwano ɗaya da ni, bai taɓa tayar da maganar ba. Amma daga ranar Lahadin nan har ya koma ga Allah, ban ji ya karɓi taimakon kowa ba, kuma ni na jawo masa wannan. Na kan zauna in yi ta juya abin, har yanzu mamaki bai sake ni ba. Duk tsorona a lokacin shi ne kada a ce na yi ƙarya. Kowace kalma da aka faɗa a rediyon gaskiya ce, na tabbatar da haka da kaina. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko gaskiyar tawa ce da zan bayar ba. Gari guda, wanda yawancinsu ba su iya rubuta sunansu da boko ba, sun riƙe mutuncin mutum ɗaya shekara biyu ba tare da sun yi taro ko sun rubuta komai ba. Ni da digirina na rushe shi da layi biyu.

Har yau idan lokacin zaɓe ya zo, na ji ɗan takara ya ce ya haɗu da wata baiwar Allah a gari kaza ta gaya masa kaza, jama'a suna tafi, ni hankalina ba ya kan ɗan takarar. Tunanina yana kan wanda ya zauna ya rubuta masa, da kuma ƙofar gidan da ake sauraro.

Na san akwai sauran waɗanda suka ga wannan abu, a Gaya da Ajingi da Toranke, ko 'ya'yansu da suka ji daga bakinsu. Inda na karkace, don Allah a rubuto a gyara mini, ba zan ji haushi ba. Akwai kuma wuri ɗaya da ba gyara nake nema ba, cikowa nake nema. Ban san abin da ya faru a ƙofar gidan kawu ba bayan an faɗi sunan garin, ko wani ya kashe rediyon, ko an bar shi ya kai ƙarshe, ko wa ya fara tashi. Mahaifiyata tana cikin gida ba ta gani ba, su kuma dattawan ban taɓa samun ƙarfin zuciyar tambayarsu ba har suka ƙare. Idan akwai wanda yake kan tabarmar ranar, ina roƙonsa ya gaya mini. Amma ya aiko mini ni kaɗai, kada ya rubuta a nan inda kowa zai karanta.